Takalmi a Bakin Ƙofa: Yadda Na Yi Fama da Ciwon Damuwa

Ƙarfe uku da 'yan mintuna na dare idona ke buɗewa. Babu ƙarar da ta tashe ni, babu mugun mafarki, sai dai in farka kamar an taɓa ni, ƙirjina ya yi nauyi kamar an aza mini dutse. Daga nan barci ya yi ƙaura ke nan. Sai in kwanta rigingine ina kallon rufin ɗaki, ina tono duk wani kuskure da na taɓa yi tun ƙuruciya, wannan ya janyo wancan, har gari ya waye. Na yi kusan wata uku a haka ban san abin yana da suna ba.

Rashin barcin bai tsorata ni kamar abin da ya faru wata ranar Asabar ba. 'Yata, tana da shekara biyar a lokacin, ta shigo da gudu da takarda a hannu. Ta zana mu mu uku, ta yi mini ƙaton kai da manyan kunnuwa. Ta haye cinyata tana nunawa da yatsa: "Abba, ka ga wannan kai ne, wannan Umma, wannan ni." Na karɓa, na ce ya yi kyau, har murmushi na yi. Amma cikin raina wayam. Yarinyar da a da dariyarta kaɗai kan wanke mini gajiyar yini guda, ga ta a jikina ina jin ɗuminta, zuciyata kuwa ko motsi. Da ta fita na shiga banɗaki na kulle ƙofa, na tsaya ina kallon bango. Kukan ma ya ƙi zuwa.

Da yawa suna zaton ciwon damuwa baƙin ciki ne da ya yi yawa. A wajena ya fi kama da cin abinci lokacin da mura ta toshe hanci: kana taunawa, kana haɗiyewa, ba ɗanɗano. Wanka ya zama jan aiki. Saƙon da zan amsa da kalma biyu sai ya kwana huɗu a waya, kullum ina ganinsa, kullum yana ƙara mini nauyi. A wurin aiki in karanta layi ɗaya sau biyar ban gane me ya ce ba. Na rame har wando ya fara zamewa daga ƙuguna.

Masu ƙaunata sun faɗi abin da suka sani. "Ka cika tunani." "Ka daure mana, kai fa namiji ne." "Me ka rasa? Ga aiki, ga iyali, ga lafiya." Wannan ta ƙarshen ta fi sukata, domin gaskiya ce, ban rasa komai ba. Sai na ƙara wa kaina sabon laifi, wai ni butulu ne. Ba na riƙe kowa a zuci kan waɗannan kalamai, ni ma da haka zan faɗa wa wani. Amma cewa mai wannan ciwo ya daure daidai yake da cewa mai karaya ya tashi ya yi gudu.

Yayata ce ta tsaya kai da fata. Ta zo gidanmu, ta zauna ta ƙare mini kallo, ta ce, "Ƙanina, wannan ya wuce gajiya. Gobe ka shirya, ni zan raka ka wajen likita." Na ce, "Yaya, me zan ce masa yana damuna? Babu inda ke mini ciwo." Ta ce, "Abin da ka gaya mini yanzu, shi za ka gaya masa."

Likitan ya fara da gwajin jini, domin ƙarancin jini da matsalar ƙwayar nan ta wuya da ke kumbura ta zama maƙoƙo suna iya kawo kasala da mutuwar jiki irin wannan. Sakamako ya fito lafiya lau. Sai ya miƙo mini takarda mai tambayoyi tara, ana kiranta PHQ-9. Kowace tambaya tana son sanin sau nawa abu ya dame ka a mako biyun da suka wuce, ka ba da maki daga 0 zuwa 3, jimilla 27. Rashin sha'awar komai, barci, gajiya, cin abinci, ganin kai ba kowa ba ne, kasa tattara hankali. Ina karantawa ina mamaki, kamar wanda ya rubuta ta ya kwana a ɗakina. Na samu 17. Ya ce daga 10 zuwa sama akan ɗauki abin da muhimmanci, 15 zuwa 19 kuwa ya fara tsanani.

Tambaya ta tara ita ce ko kana tunanin gara ka mutu, ko ka cutar da kanka. Na daɗe biro na rawa a hannuna kafin in rubuta 1. Likitan bai firgita ba, bai kuma yi mini wa'azi ba. Ya tambaye ni kai-tsaye ko na taɓa tsara yadda zan yi, na ce a'a, tunanin dai kan zo cewa da ba na nan da kowa ya huta. Ya ce, "Malam, wannan muryar ciwon ce, ba taka ba. Ranar da ta ƙara ƙarfi, kada ka jira ranar da na sa maka, ka taho nan take, kuma a daren nan ka gaya wa mai ɗakinka." Ina roƙon duk wanda ke karanta wannan yana ɗauke da irin wannan tunani ya faɗa wa wani yau, ya nemi likita ko sashen gaggawa na asibiti. Duk dabarun da zan ambata a ƙasa ba a yi su don su tsaya a madadin wannan ba.

Ya rubuta mini magani, ya ce sai an yi mako biyu zuwa huɗu, wani lokaci ma fiye, kafin a fara jin aikinsa, kuma ko na warware zan ci gaba da sha na aƙalla wata shida. Ya kuma gaya mini cewa a lokacin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan miliyan 280 ke fama da wannan ciwo, wajen kashi 5 cikin 100 na manya, kuma ya fi kama mata. Ban san dalili ba, amma lambar ta sanyaya mini rai. Ciwon da ya kama miliyoyin mutane ba zai zama wani aibu ne nawa ni kaɗai ba.

Sai dai ganin likita minti ashirin ne a wata. Sauran sa'o'in duk nawa ne, ni da ɗakina da wayata. A nan ne ainihin aikin yake.

Da farko na yi kuskure. Na ɗauki takarda na tsara sabuwar rayuwa gaba ɗaya: tashi da sassafe, gudun awa ɗaya, karatu, gyaran gida, kiran 'yan'uwa. Kwana biyu na yi, na uku na kasa ɗaga kai daga matashi, takardar da ke manne a bango ta koma shaida a kaina. Da na koma na ba likitan labari, ya ce in yage ta. Ya ce na mako guda kada in canza komai, in sayi ƙaramin littafi kawai, in riƙa rubuta abin da na yi kowace awa, da maki daga 0 zuwa 10 na yadda raina yake.

Na ɗauka zan ga 1 da 2 daga sama har ƙasa, domin a tunanina kwanakin duk baƙi ne iri ɗaya. Littafin ya ƙaryata ni. Safiya ce ta fi muni, yamma da ɗan sauƙi, kuma an ce haka ciwon ya saba yi wa mutane da yawa. Kwanciya da waya a hannu, wadda nake kira hutu, ita ke da maki mafi ƙasa, 1 ko 2. Ranar da matata ta matsa mini na gyara marfin wani akwati da ya ɓalle, minti goma sha biyar da sukudireba a hannu, na rubuta 4. Ranar da na raka 'yata bakin titi ta hau motar makaranta, 4 da rabi. Ba farin ciki ba ne, amma tsakanin 1 da 4 akwai tazara, kuma wanda ke cikin rami ya san darajar taku ɗaya.

Abin da na gane daga nan shi ne ya juya mini komai. Wata uku ina jiran sha'awa ta dawo sannan in motsa. Ina cewa idan na ji sauƙi zan fita, idan na ji ƙarfi zan kira abokina. Ashe a wannan ciwo abin a juye yake: motsi ke gaba, sha'awa na biye da shi daga nesa, tana ɗingishi. Ciwon yana sa ka janye daga abubuwa, janyewar ta raba ka da duk wani ɗan daɗin da ke cikinsu, rashin daɗin ya ƙara nutsar da kai, ka ƙara janyewa. Wani masanin halayyar ɗan'adam a Amurka, Peter Lewinsohn, ya bayyana wannan zagaye tun a shekarun 1970, kuma a kansa aka gina hanyar magani da ke sa mutum ya koma ga ayyukansa da kaɗan-kaɗan bisa tsari, ko ransa na so ko ba ya so. A 2016 mujallar likitoci ta The Lancet ta buga wani bincike da aka yi a Ingila kan mutum 440, aka ga wannan hanya mai sauƙi ta yi aiki daidai da maganin gyaran tunani da ƙwararru ke yi ta tattaunawa, alhali ƙananan ma'aikatan lafiya ne suka koyar da ita.

Na fara da tafiyar minti biyar. Dokar da na kafa wa kaina ita ce ba sai na ji daɗi ba, kuma bayan minti biyar ina da damar juyowa. Wahalar ba ta cikin tafiyar, tana tsakanin gado da ƙofa. A wannan 'yar tazara ce zuciya ke kawo hujjoji: ka gaji, ba amfani, gobe ka fara, ina ma takalmin yake? Don haka kowane dare kafin in kwanta sai in ajiye takalmina a bakin ƙofa, bakinsu na kallon waje, safa a ciki, riga a rataye a jikin kujera. Da safe babu shawarar da za a yanke, an riga an yanke ta jiya. In zura ƙafa, in buɗe ƙofa, kafin gardamar ta kankama ina waje.

Makon farko ban ji komai ba sai haushi. Ina tafe ina kallon ƙasa, ina ƙirga mintuna. A mako na uku na lura na wuce inda na saba juyowa ban sani ba. Wata safiya na ji sanyin iska a wuyana, na tsaya, domin na daɗe rabon da jikina ya gaya mini wani abu mai daɗi. Minti biyar ya koma goma sha biyar, ya koma talatin. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba manya shawarar motsa jiki na minti 150 zuwa 300 a mako, kuma wata shida na ɗauka kafin in kai ƙaramar lambar. Daga baya na karanta cewa a 2024 mujallar likitoci ta BMJ ta buga wani nazari da ya tattara gwaje-gwaje 218 da suka shafi mutum sama da 14,000, ya samu tafiya da sassarfa da ɗaga nauyi suna rage alamomin ciwon sosai. Ni dai a jikina na fara karanta wannan sakamako. Hasken safiyar ma yana da nasa aikin, shi ke saita agogon da ke cikin jiki, wanda ke gaya masa lokacin farkawa da na barci.

Barcin ya fi komai taurin kai. Abin da ya taimaka shi ne tsayar da lokacin tashi, ƙarfe shida kullum, ko da awa uku kawai na runtsa, da daina ramuwar barci da rana. Waya ta koma kwana a falo. In na farka ƙarfe uku na ga barci ya ƙi dawowa, sai in bar gadon, in zauna a kujera da 'yar fitila mara haske sosai, in karanta wani abu mara tayar da hankali har ido ya yi nauyi. Dalili shi ne kada jiki ya saba ganin gado a matsayin wurin shari'a. Sai da aka yi wata biyu kafin in kwana har asuba ba tare da farkawa ba, kuma na tuna na tashi ina duba agogo sau biyu don ban yarda ba.

Sai kuma tunanin. Masana suna kiransa da sunan abin da saniya ke yi in ta kwanta, wato tuƙa: ta dawo da abin da ta riga ta haɗiye ta sake taunawa. Wata masaniya 'yar Amurka, Susan Nolen-Hoeksema, ta shafe shekaru tana nuna cewa masu wannan tuƙa ciwonsu ya fi daɗewa. Tarkon shi ne mutum yana ji kamar yana warware matsala ne. Na koyi yi wa kaina tambaya ɗaya: minti goman nan da na yi ina tunani, na fito da wani abu da zan aikata? In amsar a'a ce, tuƙa ce, sai in miƙe in sa hannuna a wani aiki, ko wanke kofi ne ko goge takalmi. Hana kai tunani da ƙarfi bai taɓa yi mini aiki ba, kamar danna ƙwallo cikin ruwa ne. Sai na ware masa lokaci, ƙarfe biyar na yamma, minti goma sha biyar da biro da littafi. In ya zo da hantsi in ce masa ya jira biyar. Sau da yawa kafin biyar ɗin ta yi ya huce.

A cikin littafin nake yin wani abu da ya samo asali daga Aaron Beck, likitan ƙwaƙwalwa na Jami'ar Pennsylvania, wanda tun a shekarun 1960 ya lura cewa ciwon yana ɓata wa mutum kallon abu uku: kansa, duniya, da gobe. In rubuta tunanin kamar yadda ya zo, "Na zame wa iyalina kaya." A ƙasa in rubuta hujjar da ke goyon bayansa, da wadda ke karya shi, sannan in tambayi kaina me zan ce wa abokina in shi ya zo mini da wannan magana. Ba kullum nake yarda da amsar ba. Amma ganin jumlar a rubuce, baƙi a kan fari, yakan rage mata kwarjini.

Akwai abubuwan da aka yaba mini da ba su yi mini komai ba, gara in faɗa. Bidiyoyin ƙarfafa gwiwa na intanet, masu cewa ka tashi ka ci duniya, ƙara mini jin gazawa suka yi. Rubuta abubuwa uku da nake godiya a kansu kowane dare, a watannin farko, ya koma mini wata bulala, domin ina rubutawa ba na ji. Sai da na fara farfaɗowa ya yi ma'ana. Wani yana iya samun akasin haka, shi ya sa littafin maki ya fi shawarar kowa, shi ke nuna maka abin da ke ɗaga ka kai.

Mutane su ne suka fi wuya, su ne kuma suka fi amfani. Daren da na gaya wa matata maganar tambaya ta tara, ta yi shiru, ta kama hannuna, ta ce, "Ni na ɗauka ni ce na yi maka wani abu." Wata uku tana ɗauke da wannan ita kaɗai, ni ban sani ba. Na roƙe ta abu biyu: kada ta tambaye ni me ke damuna, don ba ni da amsa, kuma in ta ga na wuce lokaci a kwance ta buɗe labule kawai. Na kuma zaɓi aboki ɗaya na gaya masa, muka sa ranar Laraba da yamma muna tafiya tare. Wani lokaci mu yi rabin awa ba wanda ya ce uffan. A Zimbabwe wani likita, Dixon Chibanda, ya horar da tsofaffin mata su zauna a kan benci a harabar asibitoci suna sauraron masu wannan ciwo, wanda a harshen Shona ake kira yawan tunani, kuma binciken da aka buga a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna da su sun samu sauƙi ƙwarai. Ban yi mamaki ba da na ji. Na san abin da Larabar nan ta yi mini.

A wata na biyar na faɗi. Na ji sauƙi, na ɗauko duk ayyukan da suka taru na rungume, na koma kwana da waya, na bar tafiya na kwana biyu da suka zama goma. Ƙarfe uku ta dawo. Zuciya ta ce, ka gani, dama duk yaudara ce. Har na yi niyyar watsar da maganin, amma na tuna gargaɗin likita cewa yanke shi farat ɗaya yana kawo jiri da rikicewar barci, yana kuma buɗe wa ciwon ƙofa. Na je na same shi. Ya ce kusan rabin waɗanda suka yi ciwon sau ɗaya yakan sake taɓa su, don haka sanin alamomin farko wani ɓangare ne na magani. Muka rubuta nawa a bangon littafin: farkawar dare uku a jere, barin saƙonni ba amsa, ƙin wanka. A daren na mayar da takalmi bakin ƙofa. Washegari minti biyar na yi, ba talatin ba, na dawo.

A wata na takwas na sake cika takardar nan mai tambayoyi tara, na samu 4. Maganin na ci gaba da sha har lokacin da likita ya fara rage mini shi a hankali. Har yanzu nakan farka ƙarfe uku jefi-jefi, musamman in aiki ya yi yawa, kuma in ya kai dare uku nakan gaya wa matata, in ɗauko littafin.

Kwanakin baya ina neman wata takarda a aljihun tebur sai na ci karo da zanen nan, ya lanƙwashe a gefe, launin ya fara koɗewa. Ashe a ranar ban lura ba, ta zana hannuna dogo ƙwarai, ya miƙa ya zagaye su su biyu. Na zauna a ƙasa da takardar na yi kuka sosai, irin wanda ya ƙi zuwa a banɗaki. Ta shigo ta same ni, ta ce, "Abba, me ya faru?" Na ce, "Zanenki na gani." Ta karɓa ta duba, ta taɓe baki, ta ce yanzu ta fi iya kunne, in ba ta biro ta gyara.